Tanar Auta

Auta ta ɗaga jiƙaƙƙen buhun da ke rufe da kwami na uku, wani wari ya bugi hancinta har sai da ta ja da baya. Ba warin taki ba ne, na taki ta san shi kamar yadda ta san warin ɗakinta. Ta tusa hannu cikin takin ta ɗebo. Da lafiya lau ne, da tafinta ya cika da jajayen tana masu mutsu-mutsu, suna neman inda za su ɓuya wa haske. Waɗanda ta ɗebo kuwa sun koɗe, sun yi laɓas, wasu har sun fara narkewa.

Sai a sannan ta dubi ƙasa. A jikin kwamin da kan simintin rumfar, ga su nan birjik, waɗanda suka hauro za su gudu suka bushe a hanya.

Ta bi kwamayen ɗaya bayan ɗaya. Takwas ne, na siminti, a jere a bayan gida. Bakwai sun mutu. Na ƙarshen ne kawai ke da rai, shi ma don bayanta ya riƙe ranar da take zuba musu sabon kashin shanu, ta ce sai ta huta.

Shekara shida ke nan tana wannan aiki, tun da idonta ya gaza ta bar keken ɗinki. Da gwangwani ɗaya na tana ta fara, wanda aka ba ta a wani horo na ofishin gona. Maƙwabta suka yi ta dariya, suka sa mata Uwar Tana. Daga baya masu lambu da masu sayar da dashen furanni suka riƙa yin layi a ƙofar gidanta, saboda baƙin takin da tanar ke fitarwa, mai laushi kamar garin shayi. Sunan dai ya bi ta, amma dariyar ta ƙare.

Maigidanta ya leƙo da butar alwala a hannu. Ya kalli simintin.

"Ko wani ne ya watsa musu wani abu?"

"Wa zai shigo? Ƙofar a kulle take." Ta goge hannunta a zani. "Abincinsu ne, Malam. Duk wanda na ba sabon kashin nan ya mutu."

"Na wurin Yaya?"

Ta gyaɗa kai. Yayanta ne ke kiwon shanu a bayan gari, kuma duk sati biyu yakan aiko mata da amalanke guda na kashin shanu, bai taɓa karɓar ko godiya ba. Ta ɗauko tsohon bokitin fenti, ta zuba takin da matattun tanar a ciki, ta danne murfin.

A cikin bas ɗin da za ta kai ta wurin likitan dabbobi, murfin bai hana komai ba. Wata mata da ke gefenta ta toshe hanci da gefen mayafi. Wani dattijo a baya ya ce, "Baiwar Allah, in gawa ce a sanar da mu, mu yi mata addu'a." Aka yi dariya. Auta ta rungume bokitin a cinya, ta juya fuska wajen taga. Ba ta ji haushinsa ba, don bai yi ƙarya ba.

Ofishin likitan dabbobi ɗaki biyu ne, da benci a baranda da firiji mai gurnani. Likitar matashiya ce mai tabarau, ba za ta girmi 'yar Auta ta fari ba. Ta sa safar hannu, ta baje takin a kan faranti, ta juya shi da tsinke.

"Mama, kashin ɗanye ne lokacin da kika zuba?"

"Na kwana biyu ko uku. Haka nake zubawa kullum."

"An yi wa shanun maganin tsutsar ciki kwanan nan? Ko na kaska?"

Auta ta buɗe baki za ta ce ba ta sani ba, sai ta tuna. Watan jiya ta je garken, ta ga shanun sun rame, gashinsu ya tashi, ƙashin haƙarƙari a waje. Ita ce ta tsaya a kan Yaya da faɗa, ta ce rowa ce ke hana shi sayen magani, yana kallo dukiyar da mahaifinsu ya bari za ta ƙare a hannunsa.

"An yi," ta ce a hankali. "Ina jin an yi."

Likitar ta cire tabarau. "Ba zan rantse miki ba sai an kai wannan ɗakin gwaji, kuma zai ɗauki lokaci. Amma na sha ganin irinsa. Maganin ba ya ƙarewa a cikin saniya. Ya kashe tsutsar da ke cikinta, sauran ya fito a kashi da ƙarfinsa, wani har sati uku ko fiye yana fita. Shi kuma bai san tsutsar ciki daban, ƙwaron ƙasa daban ba. In aka haɗa kala biyu, ko aka wuce ƙima, abin ya fi muni."

"To, a daina ba su ke nan?"

"A'a. Dabbar da ke da ciwo dole a yi mata magani. Amma ita kaɗai, ba garke duka ba, kuma daidai nauyinta. A ware ta, a tara kashinta wuri ɗaya nesa da ruwa, a rufe shi ya daɗe yana ruɓewa." Ta jawo aljihun tebur ta ɗauko wata igiyar awo irin ta tela, ta nuna mata yadda ake zagaya ƙirjin dabba a karanta nauyinta. "Ki kai wa mai shanun. Kuma ki duba min wani abu in kin je. Ki kifar da kashin da ya kwana biyar a fili, ki ga ko akwai buzuzu a ƙarƙashi."

Rana ta karkata lokacin da ta sauka a ƙarshen kwalta ta taka zuwa garken. Tun daga nesa ta hango shanun. Sun murje, fatarsu na sheƙi, tozon babban bijimin har rawa yake. Yaya na tsaye a bakin kwamin ruwa, da ya gan ta fuskarsa ta washe.

"Auta, kin ga aikinki? Zo ki gani da idonki, kada ki sake ce min marowaci."

Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi iyali. Sannan ta ajiye bokitin a gabansa ta buɗe. Ya leƙa, ya ɗago.

"Mene ne wannan?"

"Tanata ce, Yaya. Kwami bakwai."

Ta faɗa masa abin da likita ta ce. Yana ji fuskarsa na canzawa, har ta gama bai katse ta ba.

"Wato ni na kashe miki su."

"Ban ce haka ba."

"Kin ɗauko gawa tun daga cikin gari kin dire min a gaba, me ya rage ki ce? Shekara shida ina aiko miki da kashin nan, ban taɓa jin kin zo da bokiti kin ce ga abin arziki ba. Ke kika zo nan kika yi min tas a gaban makiyayana. Na yi abin da kika ce, yanzu kuma na zama mai laifi."

"Nawa ka ba su?"

Ya shiga rumfar ajiya ya fito da kwali cike da kwalabe da jarkoki, duk babu komai a ciki. Akwai na ɗura, akwai na allura, akwai wanda ake zubawa a gadon baya. Ya ce mai shagon maganin ne ya ce a haɗa duka, a kuma ninka, wai tsutsar yanzu ta yi taurin kai.

Auta ta ɗauki shebur ta nufi filin da shanun ke kwana, ya biyo ta a baya yana ci gaba da mita. Ta kifar da kashi ɗaya da ya bushe. Ƙarƙashinsa sumul, babu rami ko ɗaya, ciyawar da ya danne ta yi fari ta mutu. Ta kifar da na biyu, da na uku. A na biyar suka ga buzuzu guda biyu a kife, ƙafafu a sama.

Mitar Yaya ta tsaya. Ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya ya ɗora a tafin hannu. Ya dubi filin, kashi ko'ina kamar an jera faya-fayai, babu wanda ya ragu.

"Da, kwana uku ya yi yawa, buzuzu sun binne kashin," ya ce. "Na lura ba ya tafiya. Na ga ƙuda ya ragu, sai na ɗauka tsafta ce ta samu." Ya juya wajen gangaren da ke sauka rafi, inda ruwan sama ke wanke filin duka. Abin da ya kashe buzuzun nan, can yake gangarawa.

"Ni na matsa maka," ta ce. "Ban san haka zai zama ba."

"Ni ma da na tambayi wanda ya sani." Ya ajiye buzuzun a ƙasa a hankali. "Akwai abin da ya rage miki?"

"Kwami ɗaya."

"Zai isa iri?"

"In Allah ya so. Shekara guda, ko fiye."

Suna komowa ta ji wani tari daga bayan rumfa. Maraƙa ce ɗaure a turke ita kaɗai, ja mai farin goshi. Cikinta ya kumbura, ƙafafun kamar sanduna, ƙasan haɓarta ya yi jaka da ruwa. Yaya ya ce shekaranjiya ya karɓo ta daga wani garke, ba ta cikin waɗanda aka yi wa magani. Ya ja fatar idonta ƙasa, ciki fari fat.

"Tsutsa ta shanye ta. Yau na yi niyyar yi mata." Ya zaro sabuwar kwalba daga aljihu, ya tsaya yana juya ta a hannu. Bai dubi Auta ba. "In kin ce a bari, sai a bari."

Auta ta dubi kwalbar. Ƙarama ce, ruwan cikinta garau kamar na sha. Maraƙar ta miƙo baki ta lashi gefen zaninta, harshen ba ƙarfi.

Ta kwance bakin mayafinta ta ciro igiyar awon. Ta zagaya ƙirjin maraƙar, ta matso da ido sosai don lambobin sun yi mata ƙanana, ta karanta masa. Ya duba jikin kwalbar, ya ja maganin a sirinji, ya tsaya daidai layin, ya nuna mata. Ko rabin abin da ya saba ja bai kai ba.

"A nan za ta zauna wata guda," ta ce. "Kashinta kuma kada ya bar wurin nan."

"Na ji."

Ta durƙusa a cikin ƙura, ta rungumo wuyan maraƙar ta danna kanta a ƙirjinta, tana shafa mata bayan kunne.

"Na riƙe ta, Yaya. Yi mata."