Jitar Orval Baibai Take

Dwayne Purifoy bai taɓa rubuta komai ba in zai kwance jita. Sauran masu gyara sukan zana a takarda: wannan siririn ƙarfe ya tashi daga feda ta ɗaya ya ja tsirkiya ta biyar, wancan ya tashi daga libar da ake turawa da gwiwa ya sassauta ta takwas. Shi kuwa sai ya ƙwanƙwasa goshinsa da sukundireba ya ce takardarsa tana nan ciki. Shekara talatin da huɗu yana kifa jitoci masu feda a kan teburinsa a garin Brady, yana zare musu hanji yana mayarwa, kuma a gaskiya ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Shi ya sa kansa ya yi girma har ƙofar shagon ta kusa yi masa kaɗan.

Ran Talata Nadine Haskew ta kawo jitar mijinta a bayan a-kori-kura. Mijin nata, Orval, ya ba tamanin baya, kuma shi ne ya fara ɗora wa Dwayne gungun ƙarfen kiɗan jita a hannu, ya nuna masa yadda ake zamar da shi a kan tsirkiya har ta yi kuka kamar mutum. Yanzu kan tsohon ya fara yoyo. Yakan sa hularsa a firji, yakan kira jikokinsa da sunayen karnukan da suka mutu tuntuni. Amma a zaunar da shi a bayan jitarsa, sai hannu da gwiwa da ƙafa su kama aikinsu ba tare da sun nemi izinin ƙwaƙwalwa ba.

"Fedar tana maƙalewa," in ji Nadine. "Ran Lahadi za su karrama shi a zauren rawa. Ka wanke masa ita tas, ka ji?"

"Mis Nadine, sai kin ga fuskarki a cikinta."

"Fuskata na gan ta, ta ishe ni. Kai dai ka yi aikinka."

Kowa a yankin ya san jitar Orval baibai take. Fedarsa ta ɗaya tana inda ta uku take a wurin sauran mutane, ta uku kuma tana wurin ta ɗaya. Haka ya koya tun yana saurayi a San Angelo, haka ƙafarsa ta saba karkata shekara sittin. Dwayne da kansa ya sha tsokanarsa a kan haka, yana cewa, "Mista Orval, wannan jitar taka ta masu tuƙi da ribas ce."

To, ya kwance ta kaf, ya jiƙa ƙarafan a kananzir, ya goge dattin sigari na shekara da shekaru, ya ɗiga mai. Da ya zo mayarwa yana sauraron wasan ƙwallo a rediyo, hannunsa ya yi abin da ya yi wa jitoci ɗari biyar. Ya zauna ya gwada ta, ta amsa masa daidai, sumul, abin sha'awa. Ina za ta ƙi amsa masa, alhali a kan ƙafarsa ya ɗaura ta?

Ran Lahadi bayan an taso daga coci zauren ya cika. An barbaɗa garin katako a daɓe don masu rawa, an jera gasasshen nama da wake da dankali. Dwayne na tsaye kusa da taga da faranti a hannu lokacin da mai goge ya ƙirga huɗu. Orval ya sunkuya cikin farar rigarsa, ya zamar da gungun ƙarfen, ya taka.

Inda ya kamata sautin ya buɗe ya yi haske, sai ya karkace ya yi duhu.

Daga wannan taki guda Dwayne ya gane. Naman da ke bakinsa ya koma kamar roba. Tsohon ya sake takawa, ta sake karkacewa. Masu rawa suka rage sauri. Mai goge ya ƙara ƙarfi don ya rufe ɓarnar, ya waiwayo yana murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa mara lafiya. Orval ya cire hannunsa daga kan tsirkiya, ya leƙa ƙarƙashi yana kallon takalminsa. Makirufo na kusa da bakinsa, don haka duk zauren ya ji.

"Nadine," ya ce, "ƙafata ta manta."

Taku goma sha biyu ne tsakanin taga da dandamali. Abin da ake bukata kawai Dwayne ya ajiye farantin ya ce, jama'a, laifina ne, ku ba ni minti arba'in. Amma makaɗa shida da ke kawo masa aiki suna wurin, har da wani mai gyara daga Abilene da ya sha yi wa dariya saboda 'yan takardunsa. Dwayne ya tsaya yana tauna. Ya ga an kama tsohon an sauko da shi, ya ji ana tafi na ladabi, har shi ma ya maƙale farantin a hammata ya tafa.

Ya ce wa kansa gobe zai je. Ran Litinin ya ce bari hankalinsu ya ɗan kwanta. Ran Talata ya ƙulla dabara: zai ce lasifikar jitar ce ke da matsala, ya ɗauko komai ya gyara a ɓoye, ya mayar, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ya ji kunyar dabarar, kunyar kuma ta ci masa ranar Laraba. Bai iya taɓa jitar kowa ba a kwanakin nan. Matarsa ta tambaye shi ko cikinsa ne, ya ce e.

Ran Alhamis da hantsi ya tsaya a ƙofar gidan Haskew da akwatin kayan aiki. Nadine ta buɗe, idonta a kumbure. Jitar na tsaye a falo an lulluɓe ta da zanen gado.

"Na zo in duba lasifika ne, Mis Nadine. Ina zargin..."

"Bar lasifika, Dwayne. Ba ita ba ce." Ta zauna a hannun kujera. "Sau uku na zaunar da shi tun ran Lahadi. Na ce ko mutane ne suka ruɗa shi. Duk ɗaya. Jiya har kuka ya yi." Ta murza zoben hannunta. "Mun yi alkawari da 'yarmu Charlene tun bara. Na ce mata muddin babanki yana kaɗa jita, to yana nan a cikin jikinsa, ba mai kai shi gidan tsofaffi. Ta ce to, ran da ya daina fa? Na ce ran nan ki buga waya. Ta buga. Sun ce akwai gado, in ba su amsa yau kafin azahar."

Dwayne ya ajiye akwatin. Ya watsar da ƙaryar da ya yi kwana biyu yana gogewa.

"Ni ne," ya ce. "Na ɗaura fedojin irin na kowa. Ba irin nasa ba. Ƙafarsa ba ta manta komai ba."

Ta daina murza zoben.

"Yaushe ka sani?"

Da ya ce yau da safe, da ta yarda. "Ran Lahadi. Daga takin farko."

"Kana wurin."

"Ina wurin."

"Na gan ka," ta ce. "Nama kake ci."

Ba ta ɗaga murya ba, shi kuwa da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Ta yaye zanen ta ninke. Ya kifa jitar a kan kafet, ya durƙusa, ya sauya ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Minti talatin da biyar aikin ya ci.

Ta shigo da Orval riƙe da gwiwar hannunsa. Tsohon ya ga Dwayne ya washe baki.

"A'a, ɓarawon sukundireba! Me ya kawo ka?"

"Mista Orval, na yi maka ɓarna. Na juya maka feda ran nan. Yanzu na mayar."

"Wace rana?"

Bai tuna Lahadin ba ko kaɗan. Dwayne ya ba shi labarin tun daga farko, tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. "Kai jaki ne, yaro! Tun kana ɗan sha biyar na faɗa wa ubanka." Ya zauna, ya zura 'yan ƙarafan yatsa na kiɗa, ya ɗauki gungun ƙarfen. Hannunsa ya sauka daidai inda ya saba.

Amma ƙafar hagu ta tsaya a kan kafet. Ya ɗaga ta, ta kai dab da feda, sai ta janye da kanta kamar ta taɓa garwashi. Ya sake gwadawa. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Dwayne," ya ce a hankali, "me abin nan ya yi mini? Tsoronsa nake ji, ban san dalili ba."

"Ba abin da ya yi maka. Ni na yi. Taka, don Allah, ka ji."

"A'a. Ba na so."

Dwayne ya rarrafa ƙarƙashin jitar. Ya kama takalmin tsohon da hannu biyu ya ɗora a kan fedar, yana jin ƙafar tana turjewa, ya danna. Orval ya ja tsirkiya. Sautin ya tashi ya buɗe, tas, ya cika falon.

"Kai, da daɗi," in ji Orval. "Wa ke takawa?"

"Kai ne, Mista Orval."

"Ba ni ba ne. Sake yi."

Dwayne ya sassauta hannunsa a hankali ko ƙafar za ta riƙe. Ta zame ta koma kan kafet. Ya sake ɗauko ta, ya sake dannawa, ya sake saki. Sau biyar, sau shida. Nadine na tsaye a bakin ƙofa tana kallon ƙafar, ba ta kalli Dwayne ba ko sau ɗaya. Daga nan ta dubi agogon bango, ta shiga kicin ta ja ƙofa.

"Sake yi, yaro," in ji tsohon.

Ya danna. Ta cikin kiɗan yana jiyo muryarta a waya, tana faɗa wa wani a gidan tsofaffin harufan sunan mijinta ɗaya bayan ɗaya.