Saura Wata Huɗu

Sau uku Baba Direba yana tura takardun ta ƙarƙashin gilashi a ofishin rancen karatu, sau uku ma'aikaciyar tana turo masa su. A na huɗu sai ya dafe su da tafin hannu.

"'Yata, da kunnena na ji a rediyo. An ce gwamnati ta yafe bashin karatu."

"An yafe, Baba. Amma ga waɗanda suka kammala."

Shekara talatin ya yi yana jan motar ma'aikata, bai taɓa sa hannu a takardar bashi ba sai ranar da ya tsaya wa babban ɗansa ya shiga jami'a. Yaron yana ajin ƙarshe zazzaɓi ya kwantar da shi kwana shida, ya tafi. Bashin kuwa ko gezau, duk wata sai an gutsiri fanshon tsoho. Wannan ma da sauƙi, ya saba. Abin da ke cinsa shi ne Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta samu gurbi a makarantar koyon jinya, kuma ba za a ba ta rance ba muddin sunan uban yana cikin masu bashi. Jibi ake rufe rajista.

"Saura wata huɗu fa ya gama," in ji shi. "Wata huɗu kacal!"

Kar a ɗauki alhakin ma'aikaciyar, ba muguwa ba ce. Ta danna nan, ta danna can, har ta tashi ta leƙa ofishin oga, ta dawo jiki a sanyaye.

"Gurbi biyu ne kawai a kwamfutar, Baba. Ko ya kammala, ko ya bar karatu."

"Bai bari ba. Rasuwa ya yi."

"Na sani. Babu wurin rubuta wannan."

"To, in an sa ya bari fa?"

"Sai a ɗora tara a kai. Gara a bar shi yadda yake."

Wani mai kwat a bayansa ya ja tsaki. "Ni wannan yafiya ma ban ga dalilinta ba. Mu da muka biya namu wawaye ne? Dattijo, a matsa mana, kowa da uzurinsa."

Baba Direba ko harararsa bai yi ba. Ya tattara takardunsa ya fito.

Auta na zaune a benci a waje. Kallo ɗaya ta yi wa fuskarsa, ta miƙe ta karɓi takardun, ba ta tambayi komai ba. Sai da suka isa wurin jiran bas ta yi magana.

"Baba, matar nan mai shagon magani tana neman mai tsare mata kanta. Na ce zan fara ranar Litinin." Ta yi 'yar dariya. "Ai duk harkar lafiya ce."

"Yaushe kuka yi wannan maganar?"

"Tun makon jiya. Na karanta sharuɗɗan a waya."

Ya juyo ya dube ta da kyau.

"Kin sani? To, don me kika bar ni na zo na wuni a kan layi?"

Auta ta sunkuyar da kai tana lanƙwasa gefen takardun.

"Na ga tun jiya ka goge rigarka, Baba."