Biran Oom Gawie

Duk kwarinmu an san harshen Oom Gawie wajen ɗanɗano. Mijin yayata Ragel ne, amma kowa Oom yake ce masa, wato kawu. Gonar inabinsa 'yar ƙarama ce, manne da gindin dutse, amma jar giyarsa tun tana cikin ganga ake rububinta. Sirrin yana ga ranar tsinka: ka yi gaggawa giya ta yi tsami, ka makara rana ta dafe inabin, wahalar shekara ta tashi a banza. Shi kuwa ƙwaya ɗaya zai tauna, ya lumshe ido kamar mai addu'a a coci, ya ce, "Gobe." Bai taɓa kuskure ba, kuma ba ya gajiya da faɗa mana.

Abin da ya addabe shi birai ne. Inabi na nuna za su gangaro daga dutse su zaɓi mafi zaƙi, shi kuma ya bi su da tsinuwa.

Bana 'yarsa Elna ta tausaya masa, ta sa aka kewaye gonar da waya mai lantarki. Ko biri ɗaya bai shigo ba. Maimakon murna, sai mutumin nan ya fara ramewa. Watan Fabrairu ya yi nisa, gari ya ɗauki zafi, masu tsinka suna zuwa da almakashinsu suna komawa, shi dai tauna yake yana cewa, "Tukuna."

Wata safiya mun fita shanya ni da Ragel, sai muka hango shi a ƙarshen gona. Ya kashe lantarki, ya wangale ƙofa, yana ɗaga wa dutse nonon inabi.

"Ku sauko mana, 'yan banza! Da ana korarku kuna zuwa, yau an gayyace ku kuna jan aji?"

Na ce, "Oom, dangi ake kira? Ai da ka faɗa da wuri mun dafa da su."

"Sanna, je ki ji da shanyarki, uwar gulma."

Wani ƙaton biri ya dube shi, ya sosa ciki, ya juya masa baya. Na yi dariya har na zauna ƙasa. Ragel ba ta yi ba.

Ta ce, "Gawie, tun waccan doguwar murar harshenka ya mutu."

"In ji wa?"

"Gishiri na zuba maka a kofi ranar Lahadi. Ka shanye, har da neman ƙari."

Ya cire hula ya zauna a kan akwatin inabi. "Tun lokacin biran nake bi, Ragel. Ranar da suka sauko, washegari mu tsinka. In aka ji biri ke mini ɗanɗano, ina zan sa kaina?"

Nan dariyata ta ƙare. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Yayata ba ta taɓa kurɓar giya ba, mawaƙiyar coci ce. Ta karɓi inabin hannunsa, ta tauna ɗaya, ta tofa ƙwayoyin cikinsa a tafinta ta duba. A hankali ta ce, "Gobe."

"Ke ina kika sani?"

"Haba, tsoho. Ai na riga biran nan fara satar inabinka."

Da rana masu tsinka suka taru a inuwar rumfa. Oom Gawie ya tsinki ƙwaya ɗaya, ya tauna, ya lumshe ido ya daɗe, ya ce, "Gobe." Aka yi ta tafi ana yabon harshensa. Da ya buɗe ido, yayata ya fara nema a cikin taron.