Gargaɗin da Ya Tsaya a GRA

Suwaiba ta dawo ofis daga cin abincin rana, jiƙe da ruwan sama, ta tarar da layi ɗaya a fuskar kwamfutarta: RUWA YA WUCE JAN LAYI.

Ita ta haɗa tsarin nan wa wata ƙaramar ƙungiya a GRA. Manhaja ɗaya ce ke karɓar awon kogi daga na'urar da suka kafa a Dusuman. Idan ruwa ya yi yawa, sai ta zuba gargaɗi cikin wata hanyar miƙa saƙo a cikin kwamfuta da ake kira bututu. Manhaja ta biyu na jira a ɗaya bakin, ta ɗauka ta tura wa wayoyin manoma.

Da safe shirun tsarin ya dame ta, sai ta buɗe bututun da kanta a wata taga a fuskar kwamfutar don ta leƙa. Da ma Suwaiba ba ta iya barin tukunya a rufe. Ta fita ta manta da shi a buɗe.

Victor, abokin aikinta, ya leƙo ta kafaɗarta.

"Ai ya fito. An tura ke nan ko?"

"Ba a tura ba," ta ce. "Bututun ba ya ajiye komai. Wanda ya riga ɗauka shi ya ɗauke. Tagata ce ta ɗauke."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azahar."

Ta rufe tagar, ta rubuta gargaɗin da hannunta ta zuba a bututun. Sai da ta yi kuskure ta goge. Saƙonni suka fara fita. Tsoro bai sake ta ba, domin gonar mahaifinta na tsallaken kogin, kuma da ƙafa yake haurawa.

Ta kira lambarsa. Mahaifiyarta ce ta ɗauka.

"Inno, ina Baba?"

"Ya haura gona. Ya bar wayar tana caji. Yanzun nan ma na ji ta yi ƙara."

"Da ruwan nan kika bar shi ya tafi?"

"Na hana shi, 'yar nan. Ya zauna har ya yi azahar yana duba wayar. Ya ce da akwai haɗari, da saƙon Suwaiba ya shigo."