Man Aksil ɗin Baba Mwaipopo

"Kawo yatsan nan," in ji Baba Mwaipopo.

Mwasumbi ya matso bakin gado, ya miƙa masa yatsan da ya tsoma a tukunyar aksil ɗin motar, ƙarfen da ke juya tayoyin baya. Shekara talatin suna maƙwabtaka a Mbeya, katanga ɗaya. Mwasumbi kafinta ne, bai san komai a mota ba. An ce ya shiga ƙarƙashinta ya kwance noti ya tsoma yatsa, ya yi.

Tsohon bakaniken ya shinshina. Ya murza man tsakanin yatsunsa da suka rame. Ya juyar da kai bango.

"Baƙin mai ne. Na inji. Kira mini Gwakisa."

Gwakisa ɗansa ne, ma'aikacin ofis a Dar es Salaam. Ya zo kwana huɗu da suka wuce, da aka ce jikin ya yi tsanani. Ya shigo da waya a hannu.

"Wa ya taɓa mini mota?"

"Baba, gyara na kai ta gidan mai. An wanke ta, an juye mai gaba da baya. Ai cewa za ka yi na gode."

"Wane mai suka zuba a baya?"

"Mai dai. Sabo fil, a gabana aka fasa galan."

"Man aksil wari yake, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Kauri gare shi. Wannan ruwan shayi ne. Mai lamba casa'in a giya, mai lamba ɗari da arba'in a baya. Sau nawa na faɗa maka tun kana yawo ba wando?"

"Baba, zamani ya wuce nan. Man yanzu ɗaya ne, ko'ina yana shiga."

"Uban wa ya ce?"

Tari ya sarƙe shi. Matarsa, Mama Gwakisa, ta tallafo kansa, ta ba shi ruwa. Da ya lafa, sai ya dubi Mwasumbi, ba ɗan ba.

"Maƙwabci, ka san maganata. Motar nan ce za ta kai ni gida. Ba motar haya ba, ba ta asibiti ba."

Duk unguwa an san wannan. A-kori-kurar ta girmi Gwakisa. Da ita ya ɗauki ayaba, ya ɗauki amare, ya kai gawar rabin tsofaffin layin ƙauyukansu, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Ƙauyensa yana bayan Tukuyu, hawa ne tun daga fita gari.

"A canza man," ya ce. "Kafin."

"Na ji, Baba," in ji Gwakisa. "Gobe."

Washegari da hantsi tsohon ya cika, shayinsa bai huce ba.

Mwasumbi ya kwana biyu yana fere katako. Shi ya haɗa akwatin. Ranar tafiya, mata na waƙar coci a tsakar gida, ya ja Gwakisa gefe.

"Ɗana, maganar man nan."

"Baba Mwasumbi, don Allah. Mutum ɗari biyu nake ciyarwa, fasto na jira, kai kana maganar mai?"

"Shi ya ce."

"Ya ce abubuwa da yawa. Zazzaɓi ne ke magana."

Mwasumbi ya dubi takalmin yaron mai sheƙi, ya bar maganar. Ba ɗansa ba ne, ba motarsa ba ce. Haka ya gaya wa kansa. Ya hau bayan a-kori-kurar, ya zauna kusa da akwatin.

Sun yi awa guda suna hawa kafin motar ta fara wani kuka. Siriri, daga ƙarƙashin ƙafafunsa. Ya buga rufin motar. Gwakisa ya leƙo da hannu, alamar a yi haƙuri, ya ƙara wuta. Kukan ya zama gurnani. Ƙauri ya taso. A wata kwana, tsakanin gonakin ganyen shayi, wani abu ya ƙara a baya, tayoyin suka cije. Akwatin ya zame ya daki ƙarfe.

Motar masu rakiya ta tsaya. Direbanta ya durƙusa, ya kai hannu, ya janye da sauri.

"Ya ƙone ƙurmus. Wane jaki ne ya zuba wa aksil baƙin mai? A motar Mwaipopo kuma?"

Mama Gwakisa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Motar rakiyar a cike take, ba inda akwati zai shiga. Suka jira har rana ta karkata. Daga ƙarshe wata babbar mota mai ɗauke da buhunan taki ta tsaya. Direban ya taɓa jin sunan tsohon. Ya ce a ɗora.

Gwakisa ya nufo gaba zai zauna. Ya tsaya, ya ce, "Baba Mwasumbi, ka shiga nan, akwai sanyi a sama."

"Shiga abinka."

Mwasumbi ya hau kan buhunan da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Kusurwar akwatin ta tsage inda ta daki ƙarfe. Ya rufe tsagar da tafin hannunsa. Yayyafi ya soma sauka a kan murfin, motar takin tana hawa a hankali.