Ƙwayoyin Sodangi

Ciwon ciki ya hana Sodangi na Birchi noma. Ya sha jiƙo, ya sha sassaƙe, ya sha rubutu, shiru. Sai ya hau jaki zuwa asibitin Dutsin-Ma, aka ba shi ƙwayoyi shida farare tas.

Sodangi ya ga abu mai kyau haka bai kamata ya ƙare ba. Ya kai wa baduku, aka ɗinke masa su laya, ya rataya a wuya.

Bayan mako ya koma yana murƙususu.

Malamin asibiti ya ce, "Baba, ina ƙwayoyin?"

Sodangi ya nuna wuyansa.

"Sha ake yi, Baba!"

Malamin ya farke layar, ya tsare shi sai da ya haɗiye biyu.

Sodangi ya ce, "Kai yaro, ka iya ɓarna!"