Mariƙin Ƙofar Tsoho

Dogo ake ce masa, kuma ka ji ikon Allah, mahaifinsa wada ne. Tsohon ya gina gidansa daidai tsayinsa: mariƙin ƙofa a ƙasa, makunnin wuta a ƙasa, madubi kuwa sai ka durƙusa kafin ka ga hancinka.

Tun da tsohon ya rasu gidan yake kulle. Masu neman haya sun yi ta zuwa, kowa ya shiga ya fito dafe da ƙugu yana dariya, suka yi ta raguwa har ƙafa ta ɗauke. Shi ya sa yau Dogo ya kawo kafinta a ɗaga komai sama, ko gidan ya shigu.

Sai dai ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya leƙa kicin, ya fito, ya koma. Ba aikin ne ke cin ransa ba. Jiya likita ya auna 'yarsa, wadda sa'o'inta duk sun tsere mata a tsawo, ya ce kakanta ta ɗauko. Dogo ya san irin dariyar da aka yi wa tsohon a titi, kuma wallahi tsoro yake ji.

“Maigida, tsaya wuri ɗaya mana, jiri kake sa ni,” in ji kafinta. “Ta ina zan fara?”

“Ko ta ina! Cire mariƙin nan.”

Kafinta ya tura ƙofar falo, ya durƙusa a bayanta da sukudireba. Ƙusa ɗaya ya kwance, sai mariƙin ya juya da kansa, ƙofar ta daki goshinsa, ƙum!

Yarinyar ce, uwarta na biye da kwanon abinci. A gidan da suke haya, hannunta ba ya kai wa mariƙi, tafin hannu take bugawa a ƙofa tana kiran a zo a buɗe mata.

“Baba! Ni na buɗe! Da kaina!”

Ta rufe, ta sake buɗewa. Ta kunna wuta, ta kashe. Ta je gaban madubi, a tsaye, ta gyara ɗankwalinta.

Dogo ya nemi bakin taga ya zauna, idonsa ya kawo ruwa.

“Mayar da ƙusar nan,” ya ce wa kafinta.

“To, masu haya fa?” in ji kafinta yana murza goshi.

“Mai gidan ta iso.”